Sunan Kwana Uku

Ban taɓa kiran ɗana da sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa. A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kamar yadda mace ba ta faɗin sunan mijinta. Uwata ba ta taɓa faɗin na yayana ba har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ta son sa. In ina neman yaron sai in ce "kai". In ina zancensa da mutane sai in ce "yaron nan". Shekararsa talatin da huɗu yanzu, har furfura ta fara fito masa a gemu, kuma har yau "kai" ne.

Yana da shekara huɗu rikici ya tashi a garinmu. Ba zan faɗi garin ba. Da hantsi ne. Mijina tela ne, ya ce bari ya je ya rufe shago ya dawo. Bai dawo ba. Ban ga gawarsa ba.

Gidan haya muke, ɗaki shida, tsakar gida ɗaya. Ɗakin da ke kallon namu na wata mata ce Kirista mai sayar da garin rogo da busasshen kifi. Ba ƙawata ba ce. Mun taɓa yin faɗa kan igiyar shanya, muka yi wata guda ba ma gaisawa. Da hayaniya ta matso layinmu, ta fito ta kamo hannuna ta ja ni ɗakinta. Ta tura ni bayan buhunan gari ta rufe ni da tabarma. Yaron ya ƙi zama wuri ɗaya. Sai ta cire masa hula da 'yar jamfarsa, ta sa masa gajeren wando, ta ɗaura masa zare mai gicciye a wuya, ta zaunar da shi a bakin ƙofa da kwanon gari da sukari.

Samari suka shigo da adduna da jarkar fetur. Na ji suna duba ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Suka tambaye ta yaron wane ne wannan. Ta ɗaga murya ta kira shi da wani suna na coci, tana masa faɗa ya tashi ya shiga ciki. Ya tashi ya shiga. Sunan ɗanta ne da ƙyanda ta kashe shekara guda kafin nan. Wandon ma nasa ne.

Kwana uku muka yi a ɗakin. Tun safe har yamma tana kiran sa da sunan nan don ya saba. Ta kira, ya amsa, ta gutsuro masa kifi. Ta sake kira, ya amsa, ta shafa kansa. Ni ina bayan buhu ina ji. Na san namu ma sun yi irin wannan aika-aika a wata unguwa, ba sai an gaya mini ba. A rana ta huɗu sojoji suka zo da babbar mota suka kwashe mu zuwa bariki. Na tsinke zaren daga wuyan yaron na ajiye mata a dokin ƙofa. Ban yi mata godiyar kirki ba. Ban sake ganin ta ba.

Ban taɓa ɗauko wannan zance da shi ba. Na ɗauka ya manta.

Wani likita ɗan uwan mijina ne ya kawo ni London rainon 'ya'yansa. Bayan shekara biyu ya sa aka kawo mini yaron. Da 'ya'yan likitan suka girma na kama aikin shara, council, wato ƙaramar hukuma, suka ba mu flat, ɗan gida a bene, a bayan Old Kent Road. Har yau can nake. Da asuba nake shiga bas zuwa Charing Cross, in share ofisoshi kafin masu su su zo.

Ranar da na kai shi makaranta, Baturiyar da ke rubuta sunaye ta tambaye ni sunan yaron. Na ji abin da ta ce sarai. Na ciro takardarsa na tura mata. Ta ɗauka Turanci ne ban ji ba, ta sake tambaya a hankali tana nuna shi da yatsa. Na sake tura mata takardar. Yaron yana tsaye yana kallona. Haka muka yi a asibiti, haka muka yi ko'ina. Sau ɗaya ya tambaye ni dalili, yana ɗan shekara goma sha huɗu. Na ce masa haka ake yi.

Yana jami'a ya zo hutu cikin azumi. Da rana tsaka ya ɗebi ruwa a kofi ya sha a gabana. Ya ce, "Umma, na daina. Ban yarda akwai kowa a sama ba." Ban dake shi ba. Na ɗauke kofin na wanke na ajiye shi daban da sauran. Shekara guda ban yi masa magana ba. Daga baya na gaji. Shi kaɗai gare ni. Muka koma gaisuwa ta waya duk Lahadi, ya tambayi gwiwata, in tambayi aikinsa. Yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa, ni kuma ina jin Turancin amma da Hausa nake ba shi amsa.

Matar da ya aura 'yar fasto ce. Cocin ubanta yana cikin wani tsohon sito a Old Kent Road, bas ɗina yana wucewa ta gabansa kullum. Iyayenta mutanen can wajenmu ne, na kan duwatsu, Hausarsu ta fi ta ɗana nesa ba kusa ba. Ita ma ta bar addinin gidansu. Suka haɗu, babu salla babu coci. A ofishin council aka ɗaura auren. Ni na zauna a wannan gefe, faston da matarsa suka zauna a wancan. Da aka tashi muka gaisa da Hausa, ya ce mini sai haƙuri, na ce masa sai haƙuri.

Shekara shida babu haihuwa. Sai ga ciki, sai ga ɗa namiji.

Na ɗauki hutu a wurin aiki don in yi mata jego. Kullum da safe in shiga tube, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, zuwa Stratford inda suke. Na ce zan tafasa mata ruwa da ganye in yi mata wanka irin na gida. Ta ce, "Mama, dafa ni za ki yi? Ungozoma za ta kira 'yan sanda." Amma kunun kanwa ta sha, har tana neman ƙari. Yarinyar ba ta da mugun hali. Bakinta ne kawai ba ya ajiye magana.

Kwana huɗu da haihuwa na lura babu wanda ke zancen suna. Na tambaye ta a kicin ina dama kunu. Ta ce a nan hukuma ta ba iyaye kwana arba'in da biyu kafin su rubuta suna, don haka ba sa sauri. Sai ta rage murya ta ce gaskiyar magana faɗa suke yi. Shi yana son sunan coci, ita ba ta so.

Na ce ko dai ita ke so, shi ba ya so.

Ta ce, "A'a Mama, shi. Ɗanki. Ni na gudo daga coci da ƙyar, shi kuma yana so ya sa ni in riƙa kiran sunan coci sau ɗari a rana. Babana zai tsaya gaban jama'a ya ce addu'arsa ta karɓu. Mu da ba mu yarda da komai ba, me ya kai mu?"

Ita so take a sa wa yaron sunan da ba na kowane addini ba, sunan itace ko na kogi. Na ce jikana ba itace ba ne. Ta yi dariya. Na tambaye ta wane suna ne yake so. Ta faɗa.

Na ajiye ludayin. Kusan shekara talatin ban ji sunan nan ba. Warin busasshen kifi ya cika mini hanci a kicin ɗin da babu kifi. Ta tambaye ni ko lafiya. Na ce kunu ya yi kauri, ta miƙo mini ruwa. Na gane ba ta san labarin ba. Na kuma gane shi bai manta ba.

Ni tun cikin yana wata uku na san sunan da nake so. Na mijina. Mutumin ba shi da kabari. Ba shi da hoto sai guda ɗaya na katin ƙungiyar teloli. Na ce in ba a mayar da sunansa a kan wannan yaron ba, to ba za a mayar da shi ko'ina ba. Amma ban faɗa wa ɗana ba. Ta yaya zan roƙi sunan da ba na iya faɗa?

Akwai abokiyar aikina, 'yar zangon Kumasi ce, shekara goma sha ɗaya muna shara tare. A bakinta mace da namiji duk "kai" ne. Na kira ta a waya na gaya mata rabin zancen, ban da na buhunan gari. Ta ce, "Kai Hajiya, kana da wahala. Takarda na Bature ne. Kunne na Allah ne. Ka shiga ɗaki ka raɗa masa wanda kake so, su rubuta nasu." Ta ce haka ta yi wa jikokinta biyu, iyayensu har yau ba su sani ba.

Na kira ƙanena a gida na ce ya nemi rago ya yanka ranar bakwai da sunan marigayi. Ya tambaya ko uban yaron ya yarda. Na ce ya yanka kawai.

Ranar bakwai ta faɗo Lahadi. Na isa da hantsi da dabino a jaka. Gidan shiru kamar ba a haihu ba. Babu baƙi, babu girki, babu kowa. Su biyu suna kicin suna shan shayi. Jaririn yana barci a ƙaramin ɗaki. Na ce bari in duba shi. Na shiga na tura ƙofa.

Na tauna dabino na shafa masa kaɗan a dasashi. Ya yamutsa fuska ya tsotsa. Na sunkuya na yi masa kiran salla a kunnen dama. Aikin maza ne, amma babu namijin da zai yi. Sai na zo kan sunan.

Ban taɓa faɗin sa ba, ko lokacin da mai shi yake raye, ko bayan ransa. Na faɗa a hankali. Na sake faɗa. Na uku ya fito da kuka, na toshe bakina da gefen mayafi. Na tsaya har idona ya bushe sannan na fito.

A jikin gadon jaririn akwai wani farin abu kamar sabulu, da 'yar koriyar wuta a jikinsa. Na sha ganin sa, na ɗauka na ƙamshin ɗaki ne. Ashe na'urar jin motsin jariri ce. Ɗan uwanta yana kan teburin kicin. Da na shiga kicin ɗin na tarar da su zaune, abin yana tsakaninsu, numfashin jaririn yana fitowa daga cikinsa.

Ɗana ya ɗago. Da Hausa ya yi magana, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Ashe bakinki yana iya faɗin suna."

Matarsa ta ce ya bari. Ya ce ba faɗa zai yi ba. Ya ce kiran sallar bai dame shi ba, a wurinsa waƙa ce kawai. Dabinon ma bai dame shi ba. Ya ce sunan ubansa a takarda kaɗai ya san shi, yau ne ya fara jin sa a bakina, kuma ta cikin na'ura ya ji, ana faɗa wa wanda bai san komai ba. Sai ya tambaye ni ko na san abin da ya sa yake son wancan sunan.

Na ce na sani. Matar nan ta cece shi. Ni ma ta cece ni.

Ya girgiza kai. "Ba shi ba ne. Ban san ana ceto na ba, ina shekara huɗu. Abin da na tuna, ta kira ni na zo. Ta sake kira na zo. Tana kallon fuskata in ta kira. Kwana uku ke nan. Daga nan ba a sake ba."

Na ce kunya ce. Na ce shi ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi. Na ce uwata ma haka ta yi.

"Na sani, Umma. An gaya mini. Da na girma na gane. Amma lokacin da nake tsaye a ƙofar makaranta, kowace uwa tana ƙwala wa ɗanta kira, ke kuma ki tsaya ki ɗaga hannu, ban gane ba. A can gida kowane ɗan fari haka ake masa, yana da kaka da gwaggo masu kiran sa. Ni a nan wa nake da shi? Ke kaɗai."

Gaskiya ya faɗa. A gida da kakarsa za a ba wa shi tun yaye, ita za ta lalata shi da kira da wasa. Ni na kawo rabin al'adar London, na baro rabin a can.

Ya ce, "Ki faɗa yanzu. Sau ɗaya. Ba kowa a nan sai mu."

Na tsaya riƙe da bayan kujera. Sunan yana bakina. Na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Na ga mahaifina zaune a zaure yana gyaran fartanya. Na ga uwata. Na buɗe baki.

Na ce, "Kai..."

Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya tashi ya zuba sauran shayinsa a wurin wanke-wanke. Na ɗauki jakata na fita. Matarsa ta biyo ni har bakin lif da silifas a ƙafa, ta ce na bar dabinona. Na ce ta ci, yana ƙara ruwan nono.

Da na fito daga tube wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne ya turo hoton ragon, an yanka an rataye, yara sun kewaye shi. Ya rubuta Allah ya raya takwaran marigayi.

Lahadi ta zo bai kira ba. Wata Lahadin ta zo bai kira ba. Ni ma ban kira ba. Na koma aiki kafin hutuna ya ƙare.

Na gaya wa 'yar Kumasi duka, har da buhunan garin. Sannan ta ja ni ɗakin taro na hawa na uku, mai dogon tebur da kujeru ashirin. Ta juyo da kujera ɗaya ta fuskance ni. Ta ce, "To ga ɗanka nan zaune, kira sunansa. Faɗa wa kujera. Kujera ba ya jin kunya." Na ce ta rabu da ni. Ta ce ba za ta rabu da ni ba, na lalata mata shawara mai kyau da rashin sanin na'ura, dole in biya. Na gwada. Bai fito ba. Ta ce bakina ya fi ƙofar banki tauri.

Da ta tafi wanke banɗaki na kunna injin shara. Yana da ƙara sosai. Cikin ƙarar na faɗi sunan. Ban ji kaina ba, amma na san na faɗa. Na kashe injin na gwada, ya ƙi.

Ranar Asabar a Islamiyyar mata suka tambaye ni wane suna aka sa. Na ce ba a sa ba tukuna. Wata matar ma'aikacin ofishin jakadanci ta ce ai waɗanda ba su da addini ba su da ranar suna. Na ce mata haka ne. Ban tambayi malam hukuncin abin ba. Na san abin da zai ce, kuma ban shirya ji ba.

A kwana na arba'in aka ƙwanƙwasa mini ƙofa da la'asar. Surukata ce, ta goyo jaririn a gaba yadda suke yi a nan. Na ce ta kwance shi, ba a goyo a ƙirji kamar mai talla. Ta kwance ta miƙo mini. Ya yi nauyi. Goshin mijina ne sak.

Ta ce ta yarda da sunan cocin, gobe za su je su rubuta. Ta ce ranar da na fita mijinta ya ba ta labarin duka. Shekara shida suna tare bai taɓa faɗa mata ba. Ta ce har yanzu ba ta son sunan, kuma ubanta zai yi ta murna yana cewa an dawo hanya, ya yi ta yi. Ta ce ita ta ɗauka sunan coci ne, ashe sunan ɗan wata mai kifi ne.

Na tambaye ta na marigayi fa. Na ce a nan ana sa suna biyu har uku.

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ta roƙe shi ya sa a tsakiya. Ya ce an riga an ba yaron a ɓoye, ya isa haka.

Na ce to.

Ta ce in zo ranar Lahadi. Shi bai ce in zo ba, amma bai ce kar in zo ba. Sai ta ce, "Abu ɗaya, Mama. Zai saurari yadda za ki kira yaron. In kika tsaya kan 'maigidana' da 'angona', zai ɗauka kin ƙi ne. Wannan ba ɗan farinki ba ne. Babu kunya tsakanin kaka da jika."

Na ce ita ce za ta koya mini al'ada yanzu. Ta ce wani ya koya wa wani dai.

Kwana biyu ina juya abin. Ba cocin ne ya fi damuna ba, ko da yake ya dame ni, kuma ina neman gafarar Allah. Sunan nan a wurina ƙarar takalma ne a tsakar gida. Ranar da mijina ya fita ce. Akwai kuma abin da ban so in yarda da shi ba. Ina bayan buhu ina jin wata mace tana kiran ɗana yana amsa mata da murna, na ji haushinta. Tana ceton ransa ina jin haushinta. Shi ya sa na tsinke zaren da ƙarfi haka. Shi ya sa ban yi godiya ba. Ban san ko tana raye ba.

Ranar Lahadi na je. Ɗana ne ya buɗe ƙofa. Ya gaishe ni da Turanci, ya karɓi ledar hannuna, ya wuce kicin ya kama wanke kwanuka. Daga falo ina hango bayansa. Matarsa ta ɗora mini jaririn a cinya ta zauna gefe tana latsa waya, ba ta karanta komai.

Jaririn idonsa biyu. Na ce masa maigida ya ƙi kawo cefane, ya bar ni da yunwa. Na ce masa angon da ba ya ba da kuɗin zance ba ango ba ne. Ruwan famfo yana ta zuba a kicin. Na san wasan ya ƙare.

Na faɗi sunan. Ba a ji sosai ba. Na gyara murya na sake faɗa da ƙarfi, yadda mai kifin ta faɗa a bakin ƙofa.

Ruwan ya tsaya. Ɗana ya juyo, hannunsa duk kumfa, yadda mutum yake juyowa in an kira shi. Muka kalli juna. Ya juya ya sake kunna famfon.

Yanzu yaron ya shekara biyu. Duk Lahadi ina zuwa. Ina kiran sa da sunansa, ya zo da gudu ya laluba jakata neman dabino. Bakina ya saba, warin kifin ma ya ragu. Matan Islamiyya sun ji. Da ni ake kira in an tashi girkin suna, yanzu ba a cika kirana ba. Faston ya ba da shaida a cocinsa kamar yadda 'yarsa ta ce zai yi. Mun haɗu a tashar bas ya gaishe ni da fara'a, na amsa.

A gida kuwa sun ci rago, don haka a wurinsu yaron takwaran marigayi ne. In sun kira sai su ce ina mai sunan malam, in ce yana lafiya. Ban gyara musu ba. Sunan mijina ban sake faɗin sa ba tun ranar. Sau uku na faɗa a rayuwata, kuma wanda na faɗa wa ba zai tuna ba.

Ɗana bai sake roƙona in kira sunansa ba. Yana gaishe ni, yana saya mini maganin gwiwa, yana raka ni tasha. Da ya sake tambaya, wataƙila da na iya. Ban sani ba. Bai tambaya ba.

Lahadin da ta wuce ya raka ni tashar Stratford. Ya sa ni cikin jirgi ya juya. Sai na ga makullin gidansu a hannuna, matarsa ta ba ni in riƙe na manta ban mayar ba. Bai yi nisa ba, taku goma ne ko sha biyu. Mutane sun cika wurin, kowa da bayansa irin na kowa. Na leƙa ta ƙofa na ɗaga makullin.

Na ce, "Kai."

Wani saurayi Bature ya waiwayo. Shi bai waiwayo ba. Ƙofar ta rufe.